Cok Ɗin Da Ya Ƙi Komawa

A tsakiyar hunturu, da zarar liman ya sallame sallar asuba a Kamba, ƙarar da ke biyo baya ta kik ce. Ɗan kabu-kabu ya naɗe fuska da rawani sai idanu, ya taka, ya sake takawa, babur na tari kamar tsohon da mura ta kwanar masa a ƙirji. Can sai ya sunkuya ya ja wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, ya ƙara taku ɗaya, inji ya kama. Ya bar shi yana gurnani na minti ɗaya ko biyu, ya mayar da ƙarfen mazauninsa, ya nufi tasha. Wannan ɗan ƙarfe shi ne cok. In ban da waɗannan mintoci na sanyin safiya, zaman banza yake yi duk yini.

Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa. Sai fetur ya tashi ya zama tururi, ya gauraya da iska, sannan tartsatsin fulogi ya kama shi. In inji ya ɗau zafi, abin da yake so shi ne wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi, kuma kafireta ce mai riƙe da mudun wannan awo. Da sanyi kuwa fetur ƙin tashi yake yi, ya lafe a jikin ƙarfe kamar raɓa, ɗan abin da ya isa ɗakin wuta bai kai a kunna ba. Dole a yi wa mudu ƙari na ɗan lokaci. A wasu kafiretocin wani faifai ne ke tare ƙofar iska don inji ya zuƙo fetur da yawa. A wasu kuma wani ɗan toshi ne mai roba a baki ake ɗagawa, ya buɗe wata hanyar fetur da ke rufe kullum. Ko wanne ne, an saɓa wa ƙa'idar awo da gangan, kuma wanda ya ƙera injin shi da kansa ya tanadi ƙofar saɓawar.

Kafireta a wannan yanki ba ta daɗewa ba ta ga wanki ba. Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, na bakin iyakar Nijar, ga Gaya nan kusa. A kudu, ta ɓangaren Bagudo, akwai Lolo da Tsamiya da ke kallon ƙasar Benin, ga kuma Dole Kaina a bakin Kwara. Yawancin hanyoyin da ke haɗa waɗannan wurare da gonakin shinkafa na fadama ba su san kwalta ba: ƙura da rani, taɓo da damina. Ga kuma batun man kansa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke ƙasa da kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya ƙara jingina mutanen irin waɗannan garuruwa ga 'yan bumburutu. Man da ya bi ta jarka, ya bi ta mazurari, ya yini a kwalba a bakin hanya, da wuya ya isa tanki ba tare da ɗan yashi ko ɗigon ruwa ba. Ramin da fetur ke bi a cikin kafireta kuwa wani bai fi kaurin allura ba.

To an yi wanki. An kwance kafireta a faranti, an wanke da fetur, an hura, an mayar. Washegari sai ga mai babur yana tafe yana turi, gumi na zuba duk da sanyi.

"Maigida, wanga babur da ƙafa tai ya zo jiya, yau ga shi ni ka ɗaukar shi. Mi kunka yi mai?"

"Wanki ne kawai, Malam. Kai yaro, miƙo sufanar fulogi."

Bakanike mai hankali ba ya fara musu, fulogi yake fara tambaya. Ya kwance shi, ya ɗaga shi sama ya duba bakinsa. In launinsa kamar na gyaɗa soyayya ne, awo daidai yake. Na yau baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya, kuma mai babur ya riga ya ba da sauran labari: da safe taku ɗaya ya tashi, abin sha'awa, amma da ya yi zafi sai ya fara shaƙewa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, man da ya saba kai shi Gaya ya dawo da shi ya ƙare a hanya. Cok ne bai koma ba. Ɗan ƙarfen da ke waje ya koma, ido ya ga ya koma, amma a ciki toshin bai zauna ba. Wataƙila yaro ya bi da wayar ta ƙarƙashin tanki a tanƙware, tana jan toshin a hankali. Wataƙila sufurin ɗin da ke tura shi ƙasa bai hau gurbinsa ba, ko robar bakin ta kumbura. Tsagar da ta rage ba ta fi kaurin farce ba, amma ta nan fetur ke kwarara tun safe har dare.

Akasinsa ma na faruwa: a ja cok, bai ja komai ba, don an manta an maƙala wayar, ko dattin da aka kora daga wani wuri ya je ya toshe hanyarsa. Mai wannan babur taku ashirin zai yi kowace asuba, har cinya ta yi tsami.

Malaman zaure na Kamba, waɗanda suka karantar da Ahalari da Iziyya da Risala har shafukan suka yi laushi, suna da suna ga wannan ɗan ƙarfe ko da ba su taɓa kwance kafireta ba. Sunansa rangwame. A shari'a akwai hukuncin asali wanda aka ɗora wa kowa a halin lafiya da zaman gida, akwai kuma sauƙin da ake buɗewa in larura ta zo: taimama ga wanda ya rasa ruwa ko yake tsoron cutarsa, ƙasaru ga matafiyi, ajiye azumi ga majinyaci, har cin mushe ga wanda yunwa ke shirin kashewa. Ba kutse ba ne, ba kuma rauni ba ne na mai imani. A cikin ginin yake tun farko, kamar yadda cok yake cikin zanen injin.

Abin mamaki, shahararren misalin ma na sanyi ne. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan hijira, janaba ta sami Amru ɗan Asi a wani dare mai tsananin sanyi. Ya ji tsoron in ya yi wanka zai halaka, sai ya yi taimama ya ja jama'a sallar asuba. Da aka kai ƙararsa Madina ya faɗi hujjarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi dariya, bai ce masa komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito wannan, ya kuma ruwaito kishiyarsa: wani mutum da dutse ya fasa wa kai a halin tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiya ko yana da rangwame, suka ce babu, ya yi wanka ya rasu. Annabi ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora alhakin ransa a kan waɗanda suka yi fatawa ba da sani ba. Waɗannan mutane ba mugaye ba ne. Cok ɗinsu ne ba ya jawuwa, kuma suna ganin hakan shi ne tsantseni.

Amma mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, ta fi ba da mamaki wajen yadda ta ɗaura wa kowane rangwame sufurin na komawa. Ɗauki taimama. Ba a yin ta sai lokacin salla ya shiga, kuma a mashhurin zance ba a sallatar farilla biyu da taimama ɗaya. In la'asar ta zo, sai mutum ya sake duba ko ruwa ya samu, ko uzurin nan yana nan, sannan ya sake bugun ƙasa. Watau ba a yarda a bar toshin a ɗage ba, kowace salla sai ya koma ya zauna, a sake ja in har sanyin bai tafi ba. Ƙasaru ma haka: da matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ya koma cika salla. Imam Malik, a Muwaɗɗa, ya sassauta wa mai jin yunwar halaka fiye da wasu malamai, ya yarda ya ci mushe har ya ƙoshi, ya ma yi guzuri. Sai dai da sharaɗi: ranar da ya sami halal, ya jefar da guzurin.

Nisan ƙasaru kuwa mil 48 ne, kilomita tamanin da ɗoriya, kuma a nan taswirar Turawa ke shan kunya. Mutumin Kamba da ya tafi Gaya, ya ƙetare Kwara zuwa kasuwar Malanbil ta Benin, ya taka ƙasa uku, ya wuce hannun jami'an ƙasa uku, amma a wurin malamin fiƙihu bai yi tafiya ba, raka'a huɗu zai yi. Wanda ya nufi Birnin Kebbi, babban birnin jiharsa, ba wanda ya tambaye shi takarda, shi ne matafiyi. Layin da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1906 ya raba Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa gida-gida, amma bai shiga lissafin Risala ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace yawo a bakin iyaka: larura. Matashin da ya ɗaure buhunan shinkafar waje a bayan babur Boxer har fitilar baya ta ɓace, ya bi ta daji da dare, in ka tambaye shi zai ce larura ce. Mai ɗaukar jarkoki ma haka. Jami'in da ya miƙa hannu a shinge, shi ma in ya sami wanda zai saurare shi, albashi zai kawo da yawan iyali. Malamai sun sha bamban a kan fito, watau fasa-ƙwauri. Wasu na ganin saɓa wa dokar hukuma ne a abin da take da ikon hanawa, wasu na ganin fataucin da kakanni suka yi tun kafin a haifi iyakar bai zama haram don an kafa sanda a hanya ba. Saɓanin na da nauyi, domin a Malikiyya wanda tafiyarsa kanta saɓo ce ba ya ƙasaru, ko da yake Hanafawa sun yarje masa. Duk da haka, mashhurin zancen Malikawa bai hana shi cin mushe ba in rai ya kai ga halaka. An hana shi sauƙin jin daɗi, ba a hana shi sauƙin tsira ba.

Mai wannan rubutu ba shi da hurumin raba wannan gardama, kuma yana ganin akwai rashin kunya ga mai ƙoshi ya zauna a inuwa yana auna yunwar wani. Tambayar da ta fi damunsa ƙarama ce: larurar da ta shekara goma, har aka yi aure a cikinta, aka gina shago, aka sayi babur na biyu aka ba ƙane, har yanzu larura ce? Mai yiwuwa ne. Sanyi na iya daɗewa. Amma wa ya koma ya duba?

Shaɗibi, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya tsaya a kan wannan a littafinsa Muwafaƙat. A ganinsa wahala ba mudu ɗaya ba ce ga kowa: abin da zai kayar da wani, wani ko gezau, saboda haka a sha'anin rangwame kowane mutum shi ne malamin kansa. Shi ɗin dai kuma ya yi kashedi mai zafi ga mai bin mazhabobi yana tsintar sauƙin kowace, don a nan ba shari'a yake bi ba, son ransa yake bi da rigar shari'a. Maganganun biyu ba sa karo, amma sun bar mutum da nauyi mai yawa: an ba shi cok a hannu, an ce shi ya san sanyin da yake ji. Ko a gidan Shehu ba a auna da mudu ɗaya ba. Shehu Usmanu, a rubuce-rubucensa na ƙarshe irin su Najmul Ikhwan, ya karkata ga sauƙaƙa wa jama'a a abin da malamai suka yi saɓani, ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuwa ya fi riƙe igiya da ƙarfi.

A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, dokar hayaƙi mai tsauri da ta fara aiki a Afrilun 2020 ta sa yawancin sababbin babura na can sun bar tsohuwar kafireta. 'Yar kwamfuta ce ke jin zafin inji, ta ƙara mai, ta rage, ba ta shawara da mahayi. Babu mantuwa, babu son rai. Akwai masu son addini ya zama haka, a ba su jadawali su huta da tambayar zuciya. Baburan da ke zuwa Kamba dai har yau na mai ɗan ƙarfe ne.

Sai matsala ta uku ta cok, wadda ta fi wahalar da bakanike, kuma ita ce ke hana a yi saurin yanke wa kowa hukunci. Babur ya tashi da cok, ya yi zafi, amma da an mayar da cok sai ya mutu. A ja, ya tashi. A mayar, ya mutu. Mai shi ya gaji, ya koma yawo da cok a jaye rabi, yana zagin cok. Alhali cok lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin jet na silo ne ya toshe, wanda ke ba inji ɗan man da yake rayuwa da shi in an saki totur, ko kuwa robar da ta haɗa kafireta da inji ce ba a ɗaure da kyau ba, iska na satar shiga. Hanyar halal ta toshe, injin na shan ta ƙofar larura don ita kaɗai ta rage. Wanda ya zo da wa'azin a rufe cok bai yi ƙarya ba, amma in aka bi shi a wannan hali, sai dai a tura babur gida.

Gwamnati ma ta san wannan ciwo a jikinta. Tallafin man fetur ya samo asali tun shekarun 1970 a matsayin sauƙi ga talaka, aka bar shi a jaye kusan shekara hamsin, yana tsiyaya ta kowace iyaka, har da wannan. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya mayar da shi da taku ɗaya. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ko a rufe shi ya dace, wannan zance ne na masana tattalin arziki. Abin da ɗan kabu-kabu ya gani shi ne ba a fara buɗe jet ɗin silo ba. Rufe iyaka ma da aka yi a Agustan 2019 da sunan matakin ɗan lokaci, mashigar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, ta sake rufuwa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Mai neman abinci ta halastacciyar ƙofa ya tarar da ita a garƙame sau biyu cikin shekara biyar.

Gyaran jet ɗin silo da ya toshe na son haƙuri. A sake kwancewa, a ciro ɗan jet ɗin, a ɗaga shi ga rana a ga ko haske na ratsawa. Yara masu gaggawa kan zare silin waya daga kebul ɗin birki su zura, ramin ya buɗe har ya wuce kima, babur ya koma mashayin mai har abada. Gwani hurawa yake yi, ya jiƙa, ya sake hurawa. Sukurun iska kuma ya murɗa shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ya dawo da shi juyi ɗaya da rabi ko biyu, gwargwadon irin babur, yana saurare da kunne.

Inda misalin ya gaza shi ne inji ba shi da niyya, ba ya kuma jin daɗin ƙarin man da yake sha, shaƙe shi ma yake yi. Mutum kuwa rangwame na yi masa daɗi, shi ya sa shaidarsa a kan kansa ke da rauni. Ba shi da fulogin da za a kwance a duba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne mutanen da ke bayansa, masu shaƙar hayaƙin: matar da ta ga an daina tambayar daga ina kuɗi suka fito, yaron da ya tashi bai san cewa hanyar daji da dare ba ita ce hanya ba.

A can shago kuwa, bakaniken ya saki wayar cok daga inda ta tanƙware, ya zaunar da sufurin, ya goge fulogi da burushin ƙarfe. Taku ɗaya, babur ya tashi, hayaƙi ya washe. Mai shi ya laluba aljihu zai biya ya tafi, don rana ta yi, fasinjan kasuwa na wucewa.

"Dakata, Malam. Yanzu da zafi nai, ba ya gaya muna gaskiya. Bar shi ya kwana nan, mu gani da asuba."

Aka yi ta ja-in-ja, don yinin ɗan kabu-kabu kuɗi ne. Daga bisani suka rabu a kan ya tafi aiki, amma gobe kada ya tayar da shi a gida, ya turo shi a sanyaye. Washegari, hazo bai gama sauka ba, yaron shago na hura wuta da tsummokaran mai, sai ga shi ya iso yana turi. Bakanike ya taɓa inji da bayan hannu, sanyi ƙalau. Ya taka ba cok, shiru. Ya ja cok, ya taka, ya kama. Suka tsaya su uku hannuwa a hammata, ba mai magana, har ƙarar ta fara kauri. Sannan ya sa babban yatsa ya mayar da ƙarfen. Injin ya yi kamar zai faɗi, ya yi tangaɗi sau biyu, ya daidaita, yana bugawa a hankali shi kaɗai. Bakanike ya aiki yaro ya sayo kwalba ɗaya a bakin titi, ya ciro wani tsohon ƙyalle daga aljihu ya shimfiɗa a bakin tanki kafin a zuba.